Kuɗin Ƙofa

Kakata Memuna ƙuli-ƙuli take yi, kuma a gidanmu na unguwar Zongo babu yaron da ya taɓa jin tatsuniya kyauta. In an idar da magariba an ci tuwo, sai ta hura wuta a murhun tsakar gida ta ɗora kaskon suyar gyaɗa, wadda mu a nan Tamale muke ce wa gujiya. Gefenta buhun gyaɗa ne mai ɓawo, da wani tsohon gwangwanin madara da hannu ya mayar baƙi. Duk mai son wuri a tabarma sai ya tara bakin rigarsa a zuba masa gwangwani guda, ya ɓare ta tas yana saurare. Kuɗin ƙofa ke nan. Jika da ɗan maƙwabta farashinsu ɗaya. Har 'ya'yan wani malamin makaranta mutumin Kumasi da ke haya a ɗakin waje, waɗanda rabin Hausar wuce su take yi, su ma suna ɓara.

Ina son daren nan har yanzu in na tuna. Ƙamshin gyaɗa a kan wuta, ƙaras-ƙaras ɗin ɓawo daga hannu goma sha wani abu, da fuskar Kaka rabi ja rabi duhu tana juya kasko da guntun ƙwarya. Ba ta buɗe baki sai ta ga kowa ya duƙufa. Sannan ta buga gefen kaskon sau uku ta ce, "Ga wata baƙuwa a zaure, a ba ta tabarma?" Mu ce, "A ba ta, ta zauna!" Daga nan kuma in ta fara ba ta komawa baya. Wanda ya zo a makare ya ce, "Wa ya ce wa wa?" amsarsa ɗaya ce: "Tambayi wanda ya biya." In an gama, kowa ta damƙa masa soyayyiya mai ɗumi cikin tafin hannu, ta kore mu.

Ni kuwa, Adiza, tun ina ƙarama Allah ya ba ni irin wayon da ba ya kai mutum ko'ina. Ɓarar gyaɗa tana sa babban yatsa ya yi zafi, ni kuma ba na son zafi. Saboda haka da na ga an jawo buhu sai cikina ya murɗa, ko in tuna ban wanke kwanon tuwo ba. Ina can bayan ɗaki ina kasa kunne. Da na ji dariya ta fara tashi sama, na san an kusa, sai in sulalo in zauna a bakin tabarma, in ji yadda kura ta ƙare, in miƙa hannu a ba ni soyayyiya tare da waɗanda suka yi aiki. Kaka tana ganina sarai. Ba ta taɓa hana ni ba, sai dai ta ce, "Sannu da zuwa, mai cikin da ya san lokaci."

Wani rani, ina da shekara tara ko goma, 'yan konsat suka zo garin. Masu wasan kwaikwayo ne da kiɗa, daga kudu, suna yawo gari-gari a babbar mota. Suka kama wani fili mai katanga kusa da tasha, suka ce ran Asabar da yamma akwai wasa na musamman don mata da yara. Yayana Sule ya daɗe yana dakon kaya a kasuwa yana tara na takalmin ƙwallo. Ranar ya fasa asusunsa ya sayi tikiti. Mahaifiyarmu ta yi faɗa har muryarta ta dushe.

Ni ban damu ba, don na san abin da kowane yaron Zongo ya sani. In wasa ya kusa ƙarewa, mai gadi yakan buɗe ƙofa ya bar ta a buɗe, don kada a yi turereniya wajen fita. A lokacin nan duk wanda ke waje sai ya afka, ba mai tambayarsa ko sisi. Muka tsaya da ƙawayena a jikin katanga muna jin ganga da shewa, har ƙofar ta buɗu. Abin da na tarar shi ne wata mata, wadda daga baya na gane namiji ne ya ɗaura zani, ta rungume wani mai tsumma, jama'a na tafi. Can gaba na hango Sule, ƙaton saurayi da ke ɗaukar buhun masara shi kaɗai, yana share ido da bayan hannu. Na yi dariya har na riƙe ciki.

Da daren na riga kowa zuwa tabarma, don baki na cike da labari.

"Kaka, abin da Sule ya gani da kuɗin takalmi, ni na gan shi kyauta!"

"Madalla. Me kika gani?"

"Matar ta yafe wa mijin."

"Me ya yi mata?"

"Oho."

Ta juya ga Sule. "Kai kuma me ya sa ka kuka?" Ya buɗe baki, ya fara daga nan, ya koma can, ya rasa inda zai kama. Kaka ta ɗaga masa hannu alamar ya bari. Ta cika gwangwani har ya yi tozo, ta juye min a cinya. "Yau ba ciwon ciki," in ji ta. Sannan ta buga kasko.

Ta ce a wani gari an yi wani falken goro mai dukiya, amma hannun jarirai gare shi. Duk kaka, in an gama girbi, masu wasa kan zo garin su kewaye fili da zana, kowa ya ba da mudun dawa ya shiga. Al'adarsu ce in wasa ya zo ƙarshe su yaye zana ɗaya, don marasa hali su ma su sa ido. Falken nan yana da rumbu bakwai, amma kullum a bakin zanar nan za ka same shi tsakanin yara, hannu a baya, yana jira. Har aka manta sunansa na yanka, aka koma kiransa Na-Ƙofa. Washegari ya zauna a kasuwa yana cika baki: ba wasan da bai san ƙarshensa ba, kuma ƙwayar dawarsa ko ɗaya ba ta fita ba.

Wata shekara aka yaye zana, ya shiga, ya tarar samari biyu sun danne wani tsoho mai furfura suna ɗaure shi, jama'a na guɗa. Na-Ƙofa ya ce, "Kai, garin nan ba imani!" Ya zari sanda ya faɗa fili zai ceci tsoho. Ashe tsohon shi ne ya cinye gadon marayu tun farkon wasa. A nan Kaka ta miƙe tsaye ta kwatanta yadda aka fito da shi, rawani a hannu, takalmi ɗaya. Mu kuwa har da birgima.

Sai ta zauna, ta rage murya. Ta ce shekarar da ta biyo baya ya shiga ya tarar ba kiɗa, ba motsi. Ƙwarya ce kawai a kife a tsakiyar fili, garin duka na kuka. Maƙera na kuka, mahauta na kuka, har da wani maƙwabcinsa da ko ranar da uwarsa ta rasu ba a ga hawayensa ba. Na-Ƙofa ya dubi ƙwarya, ƙwarya ce dai irin ta kowa. Ya taɓa na kusa da shi ya ce, "Wa ya mutu?" Mutumin ya dube shi kamar bai san shi ba, ya juya. Na-Ƙofa ya koma gida abin ya tsaya masa a rai. Kwana uku tuwo ba ya shiga. A na huɗu ya ɗora buhun dawa guda a jaki, ya bi masu wasa har garin gaba, ya ce da shugabansu, "Ga wannan, faɗa min labarin ƙwaryar nan."

Shugaban ya karɓa, ya faɗa masa. Wata mata ce ke ajiye wa ɗanta fura kullum a ƙwarya tana jiran ya dawo daga fatauci, ranar da ya dawo ya tarar an kife ƙwaryar, uwar ta rasu. Shi ke nan. Na-Ƙofa ya tsaya yana jiran kuka ya zo, bai zo ba. Ya ce, "Kun cuce ni! Su mudu suka ba da, ni buhu, amma ban ji komai ba." Shugaban ya ce, "Labari ka tambaya, labari muka sayar maka. Su zama suka saya. Sun wuni da matar nan tana dama furar."

Kaka ta kakkaɓe zaninta ta ce, "Baƙuwa ta naɗe tabarmarta, ku ma ku naɗe taku."

Na san da ni take, kuma na sha kunu. Na ce, "Kaka, ai shi ma ya ji labarin." Ta ce, "Ya ji." Na ce, "To?" Ta ce, "To, ƙarasa gujiyarki." Da na ga ba zan ci nasara ta nan ba sai na zagayo, na tambaye ta ko ita ta taɓa biya ta shiga konsat, tunda na san Kaka ba ta wasa da kwabonta. Ta yi dariya ta ce ko sau ɗaya, da wane kuɗin, tana da marayu huɗu a hannu. "Amma ni ban taɓa cewa na gani ba," in ji ta. Ban fahimci bambancin ba a lokacin, na ɗauka dai tsohuwa ce ba ta son a kayar da ita.

Kaka ta rasu shekarar da aka yi min aure. Yau ina da shagon kayan masarufi a Kanvili, kuma duk unguwar sun san ba a cin kwabona. Ba na jin kunyar wannan. Mijina direban babbar mota ne, rabin wata yana hanya, da riƙon nan nawa na yi wa yara uku makaranta. Autarsu Rukaya ita ce mai shiru. Tun tana ƙarama in ta dawo daga makaranta takan zauna a kan buhun shinkafa a shago ta ba ni labarin ranarta tun daga ƙofar aji, ina awo ina cewa "uhm". A shekararta ta ƙarshe a sakandare ta shiga wata ƙungiyar matasa masu wasan kwaikwayo. Ban hana ba, ban kuma yi murna ba. Wata uku ina jin ta a ɗaki ta rufe ƙofa tana magana ita kaɗai da wata irin murya ta tsofaffi.

Ran nan ta same ni ina ɗaura sukari a leda.

"Mma, ran Asabar ne wasanmu, bayan la'asar. Sau ɗaya kawai za mu yi. Ni ce uwar."

"To, Allah ya ba da sa'a. Kawo tikitina."

"Ba a ba mu na kyauta ba, Mma. Da kuɗin ƙofa za mu biya hayar zauren."

Ta faɗi farashin. Ya kai na kwano biyu na shinkafa. Na ajiye ledar na ce, "Ni na haife ki, ni nake ciyar da ke, wata uku ina jin wasan nan ta jikin bango, sannan in biya in gan ki? Ga wasanni nan cike da waya, ga talabijin, ba mai karɓar ko sisi, kuma ina kwance a kan katifata." Har yau ban ce hujjojina ƙarya ba ne. Ta murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Ki dai zo da wuri, Mma. Don Allah da wuri." Na ce na ji.

Kuma na je da wuri, wannan shi ne abin da ya fi ci min rai. Na rufe shago a lokacin da ciniki ya fi kyau, na sa leshina mai ruwan toka, na hau babur. Na isa ana layi. Ina kafe babur na hango wata maƙwabciyata a bakin ƙofa tana neman ragi, yaron da ke karɓar tikiti, wani ɗan kudu mai Hausar kasuwa, yana girgiza kai yana cewa, "Hajiya, ba ragi koraa, ko sisi. Kowa ya biya." Kuɗin suna cikin jakata. Amma wani abu ya taso min, irin wanda ke taso min in dillali ya faɗi farashin farko. Na ce a raina, uwar wasa ai tana nan har ƙarshe, haka ake yi a kowane fim, babbar 'yar wasa ba ta ɓacewa. Zuwa dai na zo. Na tambayi wata mai suyar doya a tsallaken titi ko har yanzu ana buɗe ƙofa in an kusa tashi. Ta ce ana yi. Na ja benci na zauna. Na ci doya da yaji, na ƙara, muka yi hirar tsadar mai. Wallahi ko sau ɗaya Kaka ba ta faɗo min a rai ba.

Gab da magariba yaron ya buɗe ƙofa, na bi bayan yaran unguwa na shiga. Zauren ya yi tsit. A kan dandamali wani saurayi ne durƙushe gaban wani tsohon keken ɗinki da aka lulluɓe da zani, ya dafa shi. Maza da mata sai jan hanci kake ji. Na duba dama, na duba hagu, ba Rukaya. Na taɓa wata mata da ke kujerar ƙarshe, fuskarta sharkaf, na ce, "Baiwar Allah, ina uwar?"

Ta ce, "Ai ta rasu tun fitowar farko. Ba ki gani ba? Kai, yarinyar nan! Tun da ta yi wa ɗan nan sallama ban daina kuka ba. Ko 'yar wace ce, Allah ya yi mata albarka."

A nan ne, tsaye a jikin bango da man doya a yatsuna, na ji muryar Kaka kamar tana bayana, kuma na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba.

Da 'yan wasan suka fito gaisuwa, Rukaya ce ta ƙarshe, an shafa mata farin gari a gira, ta ɗaura zanina na gida wanda na yi sati ina nema. Zauren duka ya miƙe. Ita kuwa ba ta kallon masu tafi. Layi na biyu take kallo, wata kujera da ba kowa a kanta. Sannan ta ɗaga ido a hankali har ta same ni can baya, tsakanin yara.

A waje ta zo ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Ta ce, "Mma, kin ga wasan?" Ta san amsar, hanya ce ta ba ni. Na ce, "Sai da aka buɗe ƙofa na shiga." Ta ce, "To." Ina tayar da babur sai ga yaron ƙofa da gudu, da 'yar takarda a hannu.

"Sista Rukaya, ga tikiti naka. Mama naka bai zo ba. Na jira shi paa, sosai sosai."

Ya miƙa mata. Na ga sunana a bayan takardar da rubutunta, Hajiya Adiza, ni da ban je Makka ba tukuna. Ta ninke ta ta sa a jaka. Ta hau bayana, kuma maimakon ta riƙe ƙuguna kamar yadda ta saba tun tana 'yar mitsitsiya, sai ta kama ƙarfen baya. Haka muka zo har Kanvili.

Sai bayan isha na iya tambayarta. Ashe kuɗin kokonta na safe ta yi makonni tana tarawa. Na ce, "Me ya hana ki faɗa min kin saya? Da ai na shiga tun farko."

Ta ce, "Na sani, Mma. So na yi ki zo bakin ƙofar da kuɗinki a hannu, a ce miki an riga an biya."

Na tashi na shige ɗakina.

Daga baya wani ya turo mana wasan da ya ɗauka a waya. Na kalla sau da yawa. Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce can nesa tana motsi, kan wani mutum ya tare rabinta, ƙarar fanka ta cinye maganar. Na san abin da ya faru a ciki yanzu, zan iya faɗa wa kowa cikin numfashi ɗaya, amma hawaye bai zo ba.

Mutane kan tambaye ni, tunda 'yata ta taɓa yi, ko zuwa kallon wasa ya kai kuɗinsa. Gaskiya nake faɗa musu. Na shiga sau biyu tun daga lokacin, na biya, na zauna tun kafin a ɗaga labule. Ɗaya ya yi kyau, ɗaya kuwa da na sayi shinkafata ya fi. Wanda ba shi da shi ya zauna gida, ba laifi, Kaka ma ba ta taɓa shiga ba. Abin da na gane a makare shi ne, kuɗin da ake karɓa a ƙofa ba na labari ba ne. Mutum yana biya ne don ya ajiye wayonsa a waje, ya ba wasu yammacinsa tun bai san ko za su saka masa ba. Ni kuma a rayuwata ban taɓa yarda in ba da wani abu ba sai na ga abin da zan karɓa.

Rukaya tana makarantar koyon jinya yanzu a wani gari, ba ta ƙara hawa dandamali ba. Mun shirya tuntuni, ba ta taɓa tayar da zancen ba, ba ta da riƙo. Duk Juma'a tana kirana. Sai dai na lura da yadda take ba ni labari yanzu. "Mma, na ci jarrabawar." "Mma, na yi zazzaɓi amma na warke." "Mma, mun rabu da ƙawar nan tawa." Ƙarshen abubuwa take faɗa min, a taƙaice, cikin ladabi. Farkonsu da tsakiyarsu wani take faɗa wa, ban san ko wane ne ba, kuma har yau ban sami bakin tambayarta ba.